Ɓatan Wata Bayan Allurar Tazarar Haihuwa: Ciki Ne Ko Aikin Allura?

A bakin matan Hausawa, in aka ce wance ta yi ɓatan wata to an gama magana, sai lissafin ranar fara zuwa awo. Shi ya sa macen da ta karɓi allurar tazarar haihuwa hankalinta kan tashi in wata ya zagayo ba ta ga jini ba. Watan farko ta yi shiru. A na biyu ta fara danna mararta da dare ko za ta ji wani abu ya yi tauri, ga yaron da ba ta yaye ba yana barci a gefenta. Kafin na uku, maƙwabciya ta ce mata ai jinin taruwa yake yi a mara, wata kuma ta rantse ciki ne ya kwanta. Daga nan sai jiƙe-jiƙe, sai aiken yaro kemis ya sayo maganin da zai sauko da jini.

'Yar'uwa, kafin ki kai kofin nan bakinki, ki san abin da allurar take yi a jikinki.

Iri uku aka fi bayarwa a asibitocinmu. Akwai Depo-Provera, wadda mata ke kira allurar wata uku, ana yin ta duk mako 13. Akwai Noristerat, ta wata biyu, duk mako 8. Sai Sayana Press, 'yar ƙaramar nan da ake yi a ƙarƙashin fatar ciki ko cinya, wadda ake koya wa mace ta yi wa kanta a gida. Ita ma ta wata uku ce. Dukkansu suna ɗauke da sinadari mai kama da wanda jikin mace ke yawaita fitarwa lokacin goyon ciki. Aikinsa shi ne ya hana ƙwan haihuwa fita, ya sa ruwan bakin mahaifa ya yi kauri yadda maniyyi ba zai ratsa ba, ya kuma hana shimfiɗar cikin mahaifa yin kauri.

Wannan na ƙarshen shi ne amsar tambayarki. Kowane wata mahaifa kan yi shimfiɗa tana jiran ciki. In cikin bai samu ba sai shimfiɗar ta saɓule ta fito, ita ce jinin al'ada. To, in tun farko ba a yi shimfiɗar ba, me zai fito? Babu wani jini da ya maƙale yana ruɓewa a mara, ba a samar da shi ba ne. Macen da ke shayarwa ma takan yi watanni ba ta ga al'ada ba, babu kuma wanda ya taɓa cewa jininta ya taru. Ga wadda ke fama da ƙarancin jini ko ciwon mara, hutun nan riba ce.

Kuma ba ke kaɗai ba ce. Kusan rabin matan da ke kan allurar wata uku sukan daina ganin al'ada kwata-kwata kafin su cika shekara guda a kanta. Watannin farko ne suka fi rikitarwa: yau ɗigo-ɗigo, gobe shiru, wani lokaci jini ya ɗauki kwanaki fiye da yadda aka saba. Nono kan yi nauyi, ciki ya kumbura, kai ya yi ciwo, wasu su ƙara kilo 1 zuwa 2 a shekara. Da yake alamomin sun yi kama da na laulayi, sai zargi ya ƙaru. Ɗigon da ke rikita miki lissafin salla da azumi kuwa, ki rubuta ranakunsa ki kai wa malamar Islamiyyarku ta fayyace miki hukuncinsa.

Wannan ba yana nufin ciki ba ya taɓa shiga ba. Cikin mata 100 da ke karɓar allura a kan lokaci, ba a cika samun ko ɗaya da ta yi ciki a shekara ba. In aka haɗa da masu makara da masu mantuwa, adadin kan kai kusan 4. Ke nan hatsarin yana wajen kwanan wata, kuma ƙofa uku ce. Ta farko, a yi allurar alhali akwai ƙaramin cikin da ba a sani ba. Ta biyu, a fara ta bayan kwana 7 da soma al'ada, sannan a sadu da maigida a cikin makon farko ba tare da kwaroron roba ba, domin a irin wannan hali sai ta yi kwana 7 kafin ta kama aiki. Ta uku ita ce makara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a yi wa mace allurar wata uku ko ta makara har mako 4, ta wata biyu kuma har mako 2. In an wuce haka, sai an tabbatar babu ciki tukuna.

Idan ɗaya daga cikin ukun nan ta shafe ki, ko kina tashi da tashin zuciya da amai da kasala, maganin kokwanto yana nan da araha: tsinken gwajin ciki. Ki tari fitsarin farko na safe a abu mai tsabta, ki tsoma tsinken iya layin da aka shata, ki ajiye shi na 'yan mintoci. Layi biyu ciki ne, layi ɗaya babu. Allurar ba ta rikita sakamakon. In saduwar da kike zargi ba ta kai mako uku ba, ki sake gwadawa bayan ta kai. In kuwa ya nuna ciki, ki daina allurar ki fara awo. Bincike bai nuna tana nakasa abin da ke cikin ba.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida: matsanancin ciwon mara, musamman ta gefe guda, tare da jiri ko suma, domin yana iya zama ciki a wajen mahaifa, jinin da ya ninka na al'ada ko ya wuce kwana 8, ciwon kai mai tsanani da ke taɓa gani, ko idanu su yi rawaya. Waɗannan na asibiti ne. Abin da bai kamata ba shi ne ɗirkar kanwa da sassaƙe da ƙwayoyin da ba a san kansu ba don a tilasta wa jini fita. Garin neman gira a rasa ido: wata ta samu ɓallewar jini, wata ta taɓa ƙodarta, a kan abin da tun farko ba ciwo ba ne.

Sai tsoron da ya fi kowanne zama a zuciya, wai allura tana kashe mahaifa. Ba ta kashewa, jinkiri take sawa. Bayan allurar wata uku ta ƙarshe, mata kan ɗauki kimanin wata 10 kafin ciki ya shiga, wasu ƙasa da haka, wasu fiye. Mai son haihuwa baɗi gara ta faɗa wa malamar asibiti tun yanzu. Wadda kuma rashin ganin al'adar ya hana ta sukuni tana da damar canzawa zuwa ƙwaya ko wata hanya, babu mai tilasta mata.

Maigida, kai ma da naka. In ta ce ba ta ga wata ba, kada ka tare ta da zargi ko faɗa. Ka tambaye ta yaushe ne ranar komawa, ka ba ta kuɗin mota.

Ke kuma, ɗan katin nan da malamar asibiti ta rubuta miki rana a kai, ciro shi daga ƙasan adaka ki ajiye inda idonki zai riƙa faɗawa, ki sa ranar a wayarki. Muddin kina kan allura, ba audugar mata ce za ta gaya miki halin da kike ciki ba, katin ne.