Kasuwar shanu, caca da bindiga: daga garuruwan kaboyi zuwa iyakar jihar Maraɗi

Duk wanda ya kalli fim ɗin kaboyi ya san hoton: gari mai ƙura, ƴan caca kewaye da tebur, ɗan sanda da bindiga a ƙugu. Garuruwan na gaske ne. A 1867 aka buɗe kasuwar shanu a Abilene, cikin jihar Kansas ta Amurka, a bakin hanyar jirgin ƙasa. Makiyaya kan koro garke daga Texas wata biyu ko uku, a biya su ladansu gaba ɗaya, ƴan karta kuma na jiransu. Wild Bill Hickok, wanda ya riƙe tsaron Abilene a 1871, shi kansa ɗan caca ne, kuma a teburin karta aka harbe shi a 1876.

Sai dai fim ya ƙara gishiri. Masanin tarihi Robert Dykstra ya ƙirga kisan kai 45 kacal a manyan garuruwan shanu biyar na Kansas tsakanin 1870 da 1885. Ɗaya daga cikin dalilan: garuruwa irin su Dodge City sun hana yawo da bindiga cikin gari.

Mutumin Hawandawaki, a gundumar Tasawa dab da iyakar Najeriya, ba ya buƙatar fim don ya gane wannan. Inda dabba ke canza hannu, kuɗi a hannu suke yawo, sefa da naira, ba ta banki ba. Dillali ya karɓi la'adarsa, mai saniya ya cusa jikkunansa cikin aljihu, kowa na gani. Mai karta ya shimfiɗa tabarmarsa a bayan kara, kuma ba yau aka fara jin wanda ya sayar da sa da hantsi ya koma gida da igiya kaɗai ba. Iyaka kuma ta sauƙaƙa wa ɓarawo: ya sata nan, ya sayar can, jandarma ba ya da ikon bin sa ƙetare.

Bambancin shi ne tamu bindigar ba cikin gari take ba, daji take. Tun 2019 hare-haren ƴan bindiga daga Zamfara, Sakkwato da Katsina suka koro dubban mutane zuwa jihar Maraɗi, satar shanu da garkuwa da mutane suka addabi Madarumfa da Gidan Rumji, har sojojin Nijar suka kafa rundunar Farautar Bushiya. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya rufe kasuwannin dabbobi a ƙananan hukumomi da dama, ya hana fitar da shanu a manyan motoci, don a toshe wa ɓarayi wurin sayarwa. A ganina matakin ya fi cizon makiyayi mai gaskiya, domin shi ne ba ya da wata hanya sai kasuwa.

Tasawa da Mayayi ba su ga irin abin da yammacin jihar ya gani ba, amma dabbobinsu kudu suke nufa. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har zuwa Maris 2024, fatauci ya koma ɓarauniyar hanya, inda babu jami'in duwan, babu likitan dabbobi, babu mai tambayar saniyar nan ta wane ce.