Kumfar Iska a Tiyatar Zuciya: Inda Ya Kamata Mu Yi Magana, Nan Muke Shiru

A ɗakin jinya za ka ga mai jinya ya tada jijiyar wuya yana ƙwala wa nas kira, don ya hango 'yar kumfa kamar ƙwayar gero a robar ƙarin ruwa. Irin wannan galibi huhu ne ke tare ta, ta narke. Amma ranar da aka ce za a buɗe ƙirjin mahaifinsa, hannu kawai yake sawa a takarda, ko uffan.

Alhali a can haɗarin yake. A wannan tiyata ana tsayar da zuciya, a damƙa aikinta da na huhu ga na'ura, wadda Dakta John Gibbon ya fara cin nasarar aiki da ita a Amurka a 1953. Na'urar tana jan jini, ta sa masa oksijin, ta mayar da shi babbar jijiyar da ke raba jini ga jiki. Huhu ba ya kan hanya. Kumfar da ta shiga sai ƙwaƙwalwa ko jijiyoyin zuciya, ta toshe su, a tashi da shanyewar ɓarin jiki, ko a rasa rai.

Iskar takan shiga idan jinin tankin na'urar ya yi ƙasa famfo ya zuƙe ta, ko mahaɗar roba ta yi sako-sako, ko ta maƙale cikin zuciya ba a fitar ba kafin ɗinki. Shi ya sa ake sa matata, da ƙararrawa mai gano kumfa, da ƙwararre wanda ba ya ɗauke ido daga na'urar. Kai da dillali ya haɗa da asibiti mai rahusa a Indiya ko Masar, ka tambaya ko akwai waɗannan? Kuɗin jirgi kam ka yi ciniki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan tiyata. Mara lafiya ya farfaɗo baki a karkace, magana na sarƙewa, hannu ɗaya ba ya ɗaguwa, ko ya kasa gane matarsa, sai dangi su ce, "Allurar barci ce ba ta sake shi ba, a bar shi ya huta." Wata gwaggo kuma ta ce iska ce, a kawo rubutu. Haba jama'a! Likita bai san yadda Baba ke magana a gida ba, ku kuka sani. Ko kumfa ce ko gudan jini, awannin farko su ne na ceto. Idan kumfa ce, akwai ɗaki na musamman da ake shaƙa wa mutum oksijin da matsi don ta ƙanƙance, kuma jinkiri na rage amfaninsa. Da kun ga canji, ku kira likita nan take, ku faɗi lokacin da kuka fara gani. Idan nas ta ce a jira zagayen safe, ku ce a'a, yanzu.