Yadda Ake Gano Ƙarar da Ke Fitowa Daga Dashbod

Inji na iya yin aiki sumul, amma da an hau gargada sai dashbod ya kama surutu. Ƙarar iri biyu ce. Akwai kwaramniya, wadda ke tashi idan wani abu ya saki yana bugun na kusa da shi: noti da ya kwance, maƙalin roba da ya karye, ko damin wayoyi da ke lilo a bayan rediyo. Akwai kuma ƙiƙi-ƙiƙi, ƙarar robobi biyu da suka matsu suna gogar juna.

Zafi na da hannu a ciki. Dashbod ɗin motar da ta wuni a rana yakan wuce digiri 70, robar ta buɗe, da dare kuma ta tsuke. Shi ya sa wata ƙarar sai da sanyin safiya take tashi, hantsi na yi ta ɓace.

Gogaggen makanike ba ya fara da kwance-kwance. Sai ya kwashe tarkacen cikin aljihun dashbod tukuna, domin sau da yawa makulli ne ko biro ke rawa. Daga nan mutum ɗaya ya tuƙa a hanya marar kyau, ɗayan yana danna tafin hannu wuri-wuri: bakin iyakwandishan, gefen gilashin gaba, murfin aljihun. Inda aka danna ƙara ta ɗauke, nan matsalar take.

Gyaran bai da tsada: a ɗaure noti, a sauya maƙali, a cusa siririn soso tsakanin robobin. Wayoyi masu launin rawaya kuwa galibi na jakar iska ne, kuma ba a taɓa su sai an cire batir.