Tsuntsayen Da Ba a Kulle Ba a Gandun Sanda Kyarimi

A kan titin Shehu Laminu cikin birnin Yerwa, watau Maiduguri, akwai gandun shaƙatawa na Sanda Kyarimi, wanda aka buɗe a 1970. An sa masa sunan Shehun Barno Umar Sanda Kyarimi, wanda ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1967. Ranar salla wurin ba ya da masaka tsinke, kowa na rububin ganin giwa da jimina da kada.

Ran 10 ga Satumba, 2024, abin da ya faru a 1994 ya maimaita kansa: dam na Alau ya ɓalle, kogin Ngadda ya malalo cikin gari. Hukumar gandun ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun halaka, kadoji da macizai kuwa ruwa ya kwashe su zuwa cikin unguwanni. Abin da ke kulle shi ya fi shan wuya.

Amma fa akwai waɗansu mazauna gandun da ba a taɓa sa su a keji ba, kuma ba safai malaman makaranta kan nuna wa yara su ba. In mutum ya ɗaga kai cikin itatuwan darbejiya zai ga hasbiya da kurciya, wani lokaci har da cilakowa. Shamuwa kan iso gab da damina, shi ya sa manomi ke murna da ganinta. Da rani kuwa sai baƙi daga ƙasashen Turai, ƙananan tsuntsaye da suka ƙetaro Hamada suka nufo Tafkin Cadi.

Ƙudan zuma ya fi su duka aiki. Kabewa da kankana da guna suna da fure namiji da fure mace dabam dabam, in ƙwaro bai ɗauki garin wannan ya kai wa wancan ba, to, yaɗo kawai za a gani, babu 'ya'ya. Jemage ma, da yara ke jifa da danƙo, shi ke yi wa kuka da ɗorawa wannan hidima da dare, don furen kuka sai rana ta faɗi ya ke buɗewa.

Abin takaici, mai lambu a bakin Alau kan fesa maganin ƙwari da hantsi, daidai lokacin da zuma ke kan fure. Da zai bari sai la'asar sakaliya, da ɓarnar ta ragu ƙwarai.