Yunwa da Mulki: Daga Ailan Zuwa Ɗan Iya

A unguwar Ɗan Iya da ke birnin Bauchi, magidanci kan auna nagartar gwamnati da farashin mudun masara. Wannan ma'auni tsoho ne, kuma Turawan mulkin mallaka sun sha faɗuwa a kansa.

A shekarar 1845 cuta ta afka wa dankalin Ailan, wadda Birtaniya ke mulka. Gwamnatin Landan ta dogara ga kasuwa, ta taƙaita agaji, alhali jiragen ruwa na ci gaba da fitar da hatsi da dabbobi daga tsibirin. Kafin 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya sun mutu, wasu miliyan ɗaya sun yi hijira. 'Yan kishin ƙasa irin su John Mitchel suka ɗora wa gwamnati alhakin mace-macen, ɗacin abin kuwa ya daɗe yana rura wutar neman 'yanci.

Arewacin Najeriya ya ɗanɗani irin wannan a 1914, shekarar da Lugard ya haɗe Kudu da Arewa. Damina ta gaza a 1913, a daidai lokacin da jirgin ƙasa ya buɗe cinikin gyaɗa a Kano, manoma kuma na biyan haraji da kuɗi. Yunwar da ake kira Ƙaƙalaba ta tarar da rumbuna babu tanadi. Agajin gwamnati ya zo ƙalilan, kuma a makare.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an sake matsa wa talaka. Daga 1942 aka riƙa kwasar manoma zuwa aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos, ana karɓar hatsi domin ciyar da su. Cikin wannan ƙunci ne aka buɗe zauren muhawara na Bauchi a 1943, inda Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka riƙa tuhumar tsarin En'e, har hukuma ta rufe zauren. Muhawarar ba ta mutu ba: a 1950 aka kafa NEPU a Kano.

Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a Yulin 2023, a Agustan 2024 kuma zanga-zangar tsadar rayuwa ta cika titunan Arewa. Tsakanin sanarwa a Abuja da buhun hatsi a Ɗan Iya akwai takardun da ke jiran sa hannun ma'aikaci. Duk kwanan da takarda ta yi a kan tebur, akwai gidan da ba a ɗora tukunya ba.