Kwamfutar shago tana mutuwa da kanta? Fara duba fanka

Ɗan'uwa mai saurare, ko shago gare ka a Mont-Bouët, babbar kasuwar Libreville, ko kai ne mai buga wa fatake takardun shanu da kaya a hanyar Bitam, ga abin da muka tattauna a shirin wannan mako.

Kwamfutar tebur da za ta yi aikin minti 20 sai ta ɗauke ɗif, yawanci ba lalacewa ta yi ba, zafi ne. In ƙwaƙwalwarta ta kusa digiri 100, kashe kanta take yi don kada ta ƙone. Iskar Libreville kuwa akwai laima, ga teku kusa. Ƙura in ta sha laima sai ta dunƙule kamar auduga, ta toshe ƙarfen da ke ƙarƙashin fanka.

To, kunna ta ka kasa kunne. Fankar tana gurnani ne, ko ta yi tsit? Zare waya daga bango, buɗe gefen akwatin, riƙe fankar da yatsa ka share da busasshen burushi. Ban da jiƙaƙƙen tsumma, don Allah! Ƙaramin akwatin wuta na baya kuma kada ka kwance shi, yana riƙe lantarki ko an zare waya.

In ba ta daina ba, mai gyara ya sabunta man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar, don yakan bushe. Amma in sai wuta ta yi rawa take mutuwa, fanka ba ruwanta, sitabilaiza za ka nema.