Ma'anar "French Leave"

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta bayanin wata maganar Ingilishi mai ruɗa sababbin ma'aikata, watau "French leave".

Wanda ya bi kalmomin ɗaya ɗaya sai ya ce hutun Faransawa ke nan, ya zaci wani irin hutu ne kamar na shekara ko na rashin lafiya. Ko kusa. Kalmar "leave" asalinta izini, kuma da ita suke faɗin sallama. Abin nufi shi ne mutum ya saci jiki ya tafi, bai nemi izini ba, bai yi sallama ba.

Maganar tsohuwa ce, tana cikin wani littafin Tobias Smollett na shekarar 1771. An ce a zamanin nan manyan Faransa in sun je walima, wanda ya so tafiya yakan sulale, don kada ya katse wa mai gida hira da sauran baƙi. A wurinsu ladabi ne. Ingilishi kuwa, da ba su daɗe da gama yaƙin shekara bakwai da Faransa ba, daga 1756 zuwa 1763, suka mai da abin gori. Daga baya ta zama sunan soja ko ma'aikacin da ya bar wurin aikinsa ba da sanin shugabansa ba.

Abin dariya, Faransawa ba su yarda ba. Su cewa suke "filer à l'anglaise", watau zamewa irin ta Ingilishi. Laifi tudu ne. Saboda haka akawun Katsina ya ɗora wa Faransa, na Maraɗi ya ɗora wa Ingila, alhali halin ɗaya ne. Mutanen Italiya suna bayan Faransa, na Sifen suna bayan Ingila.

To, jama'a, in babban akawu ya ce maka cikin murmushi, "Na ga jiya ka ɗauki French leave," kada ka yi godiya. Zargi ne. Na san yaron da ya amsa da cewa, "I, ranka ya daɗe, kwana biyu," yana tsammanin haƙƙinsa ne, aka yanke masa albashin kwana biyun, aka kuma sa takardar gargaɗi cikin fayil ɗinsa. Wanda uzuri ya same shi, ko rasuwa ko suna, ya rubuta takarda tun kafin ya tashi, ya jira a sa hannu.

Wasalam.
Ni ne naka,
Wani Akawu.